Garin cikin bututu: Abin da ke yanke hukunci a ɗakin gwajin magani

A tsakanin watan Nuwamba da Disamban shekarar 2012, kimanin mutum 50 ne suka rasu a biranen Lahore da Gujranwala na ƙasar Pakistan bayan sun sha maganin tari. Da farko an ɗora alhakin a kan mamatan, kasancewar da yawansu an san su da shan irin wannan magani don su bugu, don haka aka ɗauka wuce ƙima suka yi. Sai da aka zurfafa bincike aka gano cewa sinadarin maganin, wato dekstirometofan, ya zo a gauraye da tagwayensa mai suna lebometofan, wanda ya fi mofin ƙarfi, yake kuma iya tsayar da numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan lamarin a farkon 2013.

Waɗannan sinadarai biyu kayan gininsu ɗaya ne, nauyinsu ɗaya, narkewarsu a ruwa ɗaya. Bambancinsu irin na hannun dama da na hagu ne: kowane hoton ɗan uwansa ne a madubi. Saboda haka idan aka zuba gurɓataccen maganin a na'urar tantance sinadarai da aka saba amfani da ita a ɗakunan gwaji, za ta nuna abu guda ne a cikinsa, kuma adadinsa daidai. Ba lalacewa na'urar ta yi ba, kuma ba lallai ma'aikacin ya yi kuskure ba. Garin da aka ɗura a cikin bututunta ne bai san dama da hagu ba.

Yadda aikin yake

Sunan wannan hanyar tantancewa kiromatogirafi. Nau'inta da ya fi yaɗuwa a gwajin magani da abinci shi ne wanda ake taƙaita sunansa da HPLC, kuma da shi hukumomi irin su NAFDAC ke aiki a ɗakunan gwajinsu na Yaba da Kaduna da Agulu. Na'urar tana da famfo mai tura ruwan sinadari da ƙarfi, da wurin shigar da samfuri, da ido mai auna abin da ya fito, sai kwamfuta mai zana sakamako. A tsakiyarsu akwai wani bututun ƙarfe wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 25 ba, faɗin cikinsa kuma yawanci milimita 4.6. An danƙare shi da wani gari mai laushi, kuma a cikinsa ne ake yin rarrabewar baki ɗaya.

Mutane kan ɗauka garin tacewa yake yi, kamar rariya. A mafi yawan lokuta abin ya fi kama da ayarin mutanen da suka shiga kasuwa ta ƙofa ɗaya a lokaci guda. Baƙon da bai san kowa ba zai ratsa ya fita nan da nan. Mai jama'a kuwa sai ya tsaya gaisawa a kowace rumfa, don haka shi ne na ƙarshen fita. Sinadarin da ke da ɗasawa da fuskar garin yakan maƙale ya saki, ya sake maƙalewa ya saki, sau dubbai, wanda ba ruwansa da ita kuwa ya bi ruwa ya wuce. Kowanne ya iso bakin fita sai kwamfuta ta zana masa tudu. Lokacin fitarsa ke nuna ko wane ne, girman tudun kuma ya nuna yawansa. Idan biyu suka fito tare, tudu ɗaya za a gani.

Darasin farko daga alli

Tun ranar da aka haifi wannan fanni garin bututu ke yi masa jagora. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha da ke aiki a birnin Warsaw, shi ya fara bayyana hanyar a 1903, ya kuma raɗa mata suna a 1906. Ya zuba ruwan ganye a bututun gilashi mai cike da garin alli, sai launukan ganyen suka rabu hawa-hawa, kore daban, rawaya daban. Kafin ya tsaya a kan alli sai da ya gwada abubuwa fiye da 100, har da garin sukari.

Manyan masana na zamaninsa ba su karɓi aikin ba. Masu tarihin kimiyya sun danganta wani ɓangare na wannan da Richard Willstätter, Bajamushen da ya samu kyautar Nobel a 1915 saboda bincikensa a kan koren ganye. An gwada hanyar a wurinsa da garin da bai dace ba, sinadarin ya lalace a cikin bututu, aka yanke cewa hanyar ce ba ta da kyau. Tsvet ya rasu a 1919, kuma sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da aikinsa a birnin Heidelberg.

Shekara goma bayan haka, a 1941, Archer Martin da Richard Synge, waɗanda ke bincike a kan gashin tumaki a birnin Leeds na Ingila, suka yi amfani da garin silika mai riƙe da ruwa wajen rarrabe sinadaran furotin. A rubutunsu sun yi hasashen cewa rarrabewa mafi kyau za ta samu ne idan aka ƙanƙanta tsabar garin ƙwarai, aka kuma tura ruwa da matsi mai ƙarfi. Sun samu kyautar Nobel a 1952, amma an ƙara kusan shekara 20 kafin masana'antu su fara cika wannan hasashe yadda ya kamata.

Girman tsaba da kuɗin da ake biya

Dalilin hasashen nasu ya fito fili a 1956, lokacin da Jan van Deemter da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin Shell da ke Amsterdam suka fitar da lissafin abubuwa uku da ke sa tudu ya baje maimakon ya tsaya siriri. Na farko, ƙwayoyin sinadari ɗaya ba hanya ɗaya suke bi a tsakanin tsabar garin ba. Wata ta miƙe, wata ta yi zagaye, sai su iso a warwatse. Na biyu, idan ruwan na tafiya a hankali ainun, sinadarin kan bazu gaba da baya da kansa, kamar ɗigon tawada a kofin ruwa. Na uku, idan ruwan ya cika sauri, ƙwayar da ta shiga can cikin tsaba kafin ta fito an bar ta a baya. Ƙaramar tsaba tana rage na farko da na uku, domin hanyoyin sun fi zama bai ɗaya, shiga da fita kuma ba nisa.

Wannan ya sa tarihin fannin ya zama tarihin ƙanƙancewa. A shekarun 1960 ana aiki da tsaba mai faɗin maikiromita 40 ko fiye. A shekarun 1970 aka sauko 10, sannan 5, aka kuma bar tsaba mai kusurwa-kusurwa aka koma mulmulalliya, wadda ta fi zama daidai a cikin bututu. Maikiromita 5 bai kai faɗin jar ƙwayar jinin ɗan Adam ba. A 2004 kamfanin Waters na Amurka ya fito da na'ura mai aiki da tsabar maikiromita 1.7.

Sai dai ba a samun wannan a banza. Idan aka raba girman tsaba biyu, matsin da ake bukata don tura ruwa a gudu ɗaya yakan ninka sau huɗu. Sauka daga 5 zuwa 1.7 na nufin matsi ya ninka kusan sau tara. Na'urorin da aka saba da su suna tsayawa ne a wajen ba 400, sababbin kuma suna kai wa 1,000 ko fiye, alhali tayar ƙaramar mota ba ta kai ba 3 ba. Ribar da ake samu kuma ba ta kai yadda talla ke nunawa ba. Ana auna ingancin bututu da wani adadi da ake kira faranti, kuma bututu mai tsawon santimita 15 da tsabar maikiromita 5 yakan ba da faranti 10,000 ko ɗan sama da haka. Ninka wannan adadi sau uku ba ya ninka tazarar tudu biyu sau uku, sau 1.7 kawai yake ninka ta. Babbar ribar ita ce lokaci: gwajin rabin awa na iya komawa na minti biyar, a kuma rage ruwan sinadarin da ake kashewa.

An samu mafita ta tsakiya a wajen 2006, lokacin da Jack Kirkland da abokansa suka fito da tsaba mai dunƙulallen ciki. Faɗinta maikiromita 2.7, amma cikinta na 1.7 a toshe yake, sai ɓawon rabin maikiromita a kewaye. Tana ba da rarrabewa kusa da ta ƙaramar tsaba a kan kusan rabin matsin. Ga ɗakin gwajin da ke da tsohuwar na'ura kuma ba shi da kuɗin sabuwa, wannan ya fi kowace ƙirƙira ta shekarun nan amfani.

Filin gida a cikin giram ɗaya

Mafi yawan garin bututu silika ne, wato sinadarin da ya yi rairayi, amma haɗa shi ake yi a masana'anta. Kowace tsaba cike take da kafofi kamar soso, kuma kusan duk fuskar da sinadari ke maƙalewa a cikin waɗannan kafofin take. Giram ɗaya na irin wannan gari na iya ƙunsar fuska mai faɗin murabba'in mita 300, wanda ya ɗara filin gida mai ƙafa 50 a 50.

Faɗin kafofin shi ma zaɓi ne. Ga ƙananan sinadarai irin na yawancin magunguna, kafa mai faɗin nanomita 10 ta wadatar. Manyan ƙwayoyi irin na furotin ba sa iya shiga cikinta da walwala, don haka ake yi musu gari mai kafar nanomita 30 ko fiye, ko da yake faɗaɗa kafa na rage yawan fuska. Akwai ma nau'in da ya dogara kacokan a kan wannan, wanda Jerker Porath da Per Flodin suka fito da shi a Uppsala a 1959. A nan ne kaɗai misalin rariya ya kusa yin daidai, amma a juye: manyan ƙwayoyi ke fara fita domin ba su shiga kafa ko ɗaya ba, ƙananan kuma su makara. Da shi ake duba ko ƙwayoyin insulin sun dunƙule a cikin kwalba.

Rigar da aka sa wa tsaba

Girma da kafofi suna gyara siffar tudu ne. Abin da ke tantance wa zai riga wa fita shi ne sinadarin da aka lulluɓe fuskar tsabar da shi, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Rigar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce C18, sarƙa mai ƙwayar kabon 18 da ake ɗaurawa a jikin silika. Tana mayar da fuskar tsabar mai maiƙo, sai sinadarai masu son mai su daɗe, masu son ruwa su wuce. Kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka ya sa wa wannan rukuni lambar L1, kuma akwai ɗaruruwan bututai a kasuwa da ke ɗauke da ita. Kuskure ne a ɗauka duk ɗaya suke. Bututu biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni biyu na iya juya jerin fitar sinadarai, ko ɗaya ya raba abin da ɗayan ya haɗe.

Babban dalilin haka shi ne rigar ba ta rufe jiki duka. Sarƙoƙin C18 suna da kauri, don haka kusan rabin wuraren ɗauri a fuskar silika kan zauna a buɗe. Waɗannan wurare suna da ɗan tsami, suna kuma cafke magungunan da ke ɓangaren kanwa, irin su kwinin da kulorokwin da amodiyakwin na zazzaɓin cizon sauro. Sakamakon shi ne tudu mai jan jela, wanda ke da wuyar aunawa, kuma ƙaramin gurɓatacce na iya ɓuya a ƙarƙashin jelar. Masana'antu kan toshe wasu wuraren da ƙananan sinadarai, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 suka koma silika mai tsafta ƙwarai, wadda aka raba da ɓurɓushin ƙarfe da alminiyam da ke ƙara wa matsalar ƙarfi. Wanda ke bin tsohuwar hanyar gwaji da aka rubuta a kan tsohuwar silika, ya kuma sa sabon bututu, kada ya yi mamaki idan lokutan fita suka sauya.

Silika tana da iyaka kuma. A ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami da kanwa, ta fi zama lafiya tsakanin 2 da 8. Ƙasa da haka rigar ta fara tuɓewa, sama da haka tsabar kanta ta fara narkewa. Wannan ya sa aka ƙirƙiro tsabar da aka cakuɗa silika da sinadaran kabon, mai jure wa har 12, da tsabar roba zalla wadda kusan ba ruwanta da wannan iyaka, ko da yake tudunta bai cika kai na silika siranta ba.

Akwai kuma sinadaran da C18 ba ta iya riƙewa da kyau saboda tsananin son ruwansu. Melamin, wanda aka zuba a madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008 har yara kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya, yana cikinsu. Yakan fice tun farko tare da tarkacen samfuri. Ɗaya daga cikin hanyoyin kama shi ita ce juya lamarin, a yi amfani da fuska mai son ruwa, dabarar da Andrew Alpert ya raɗa wa suna HILIC a 1990.

Batun tagwaye irin na maganin tarin Pakistan ya fi duk waɗannan tsanani. A kan C18 ɗasawarsu da fuskar tsaba daidai take ba ragi, don haka ko an ƙanƙanta tsaba iya ƙanƙanta, an tsawaita bututu iya tsawo, tare za su fito. Sai an sa rigar da ita kanta tana da dama da hagu, kamar safar hannu da ke shiga hannu ɗaya ta ƙi ɗayan. A shekarun 1980 Yoshio Okamoto na Japan ya samar da irin wannan riga daga selulos da sitaci, waɗanda a halittarsu ɓangare ɗaya suke fuskanta. Bayan mace-macen ne aka ƙara gwajin lebometofan da irin wannan bututu a kundin magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin nan, a watan Satumban 2013, sinadari daga tushe ɗaya ya ɓulla a Paraguay, inda aka kwantar da yara a asibiti. A wannan karon an gane shi da wuri, aka ba su makarinsa, naloksan.

A gwajin sikila

Wurin da wannan magana ta fi kusa da gidajen jama'a shi ne gwajin jini, musamman yanzu da jihohi irin su Kano, wadda ta kafa dokarta a 2024, suka wajabta gwaji kafin aure. Yawancin ɗakunan gwaji suna tantance jinsin jini ne ta hanyar jan sa da lantarki a kan takarda, wadda ba kiromatogirafi ba ce. Manyan cibiyoyi kuwa suna amfani da HPLC mai gari na musamman, wanda fuskarsa ke ɗauke da cajin lantarki.

Sinadarin jan jini na A da na S da na C sun bambanta ne a wuri ɗaya tak, matsayi na shida a sarƙar beta. A na A akwai sinadari mai cajin ragi a wurin. A na S an maye gurbinsa da marar caji, a na C kuma da mai cajin ƙari. Tunda fuskar garin cajin ragi gare ta, tana sakin A da wuri, ta ɗan riƙe S, ta fi riƙe C, sannan a riƙa ƙara gishiri a ruwan har kowanne ya saki. Cikin ƙasa da minti goma an samu jerin duka, kowane da adadinsa. Wannan adadi yana da muhimmanci ga jarirai, waɗanda yawancin jininsu na F ne, na S kuma kaɗan ne a lokacin haihuwa, haka ma ga mai sikilar da aka yi wa ƙarin jini. Hanyar tana kuma raba S da D, waɗanda gwajin takarda na yau da kullum ke nunawa a layi ɗaya.

Ita ma tana da nata makafin wurare. A kan yawancin irin waɗannan bututai, na E yakan fito a wurin da na A2 ke fita. Haka kuma wasu hanyoyin auna HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, kan ba da sakamako karkatacce ga mai ɗauke da S ko C idan tudun nasu ya hau kan wanda ake aunawa. A yankin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S, kuma C ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso da kudu maso yammacin Najeriya, ya dace likita ya san wace hanya ɗakin gwajinsa ke bi.

Bututu ma yana tsufa

Idan ana maganar inganta ɗakin gwaji, na'urar ake ɗauka a hoto ranar ƙaddamarwa. Bututu kuwa kayan ƙarewa ne. Kuɗin guda ɗaya ɗaruruwan daloli ne, daga waje ake shigo da shi, kuma ɗakin gwaji mai duba magunguna iri-iri yana bukatar nau'o'i da yawa a ajiye. Kasafin da ya sayi na'ura ya manta da wannan ya sayi rabin aiki ne.

Da kulawa, bututu na iya ɗaukar samfuri daga ɗaruruwa zuwa dubu ɗaya ko biyu. Samfurin da ba a tace ba yakan toshe matatar bakinsa, kuma ƙaramar tsaba ta fi saurin toshewa. Faɗuwa ƙasa, ko tsayawar famfo farat ɗaya da sake tashinsa saboda ɗaukewar wuta, na iya girgiza garin har rami ya buɗe a samansa, sai tudu ɗaya ya fara rabewa biyu. Gishirin da aka bari a ciki ya kwana ba a wanke ba yakan daskare. Ɗan guntun bututun kariya da ake sawa a gaba, mai gari iri ɗaya, shi ke karɓar dattin, kuma sauya shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Shi ya sa kundayen magunguna suka wajabta gwada bututun kansa kafin a gwada samfuri. Ana tura cakuɗen sinadaran da aka sani, a duba ko sun rabu. Tazarar 1.5 a ma'aunin rabuwa ita ce alamar tudu biyu sun rabu har ƙasa, jela kuma yawanci ba a so ma'auninta ya wuce 2. Idan bututun ya gaza cika waɗannan sharuɗɗa, ba a karɓar sakamakon duk wani samfuri da aka tura a cikinsa, sai an gyara ko an sauya shi an sake gwajin daga farko.